Kundin Aikin Ƙera Dodon Long Wanda Mutum Ɗaya Zai Ɗaura a Jiki

5 ga Nuwamba, 2023

Yau na kammala zanen farko na aikin da zan shafe watannin sanyin nan ina yi a birnin Guangzhou, wato ƙera dodon Long na tatsuniyoyin Sinawa a siffar da mutum guda zai iya ɗaura shi a jikinsa ya yi rawa da shi. Sabuwar shekarar Sinawa za ta kama ranar 10 ga Fabrairun 2024, kuma a lissafinsu na dabbobi goma sha biyu shekarar wannan dodo ce, wadda ba za ta sake zagayowa ba sai 2036. Masu shirya bikin fitilu na unguwarmu, wanda zai zo ranar 24 ga Fabrairu, sun amince su ba ni gurbi a cikin jerin masu wasa, don haka wannan rana ce wa'adina.

Wahalar aikin a fili take tun daga kan takarda. A rawar gargajiya, dodon yana da gaɓoɓi masu adadin mara, galibi tara, kowace gaɓa tana bisa sanda a hannun mutum guda, kuma lanƙwasar da take ba shi rai daga haɗin kan waɗannan mutane take fitowa. Dodon wuta na unguwar Tai Hang a Hong Kong, wanda ake fitarwa tun 1880, tsawonsa mita 67 ne, kuma mutane wajen 300 ne ke karɓa-karɓa wajen ɗaukarsa. Ni kuwa hannu biyu da kafaɗu biyu kawai nake da su. Tsarin da na tsaya a kai shi ne kan dodon ya zauna a hannuna na dama, jikinsa ya hau sama ya bi ta bayan kafaɗuna, sa'an nan wutsiyar ta sauko a kan siririyar sanda a hannun hagu. Tsawonsa duka zai kai mita huɗu da rabi, kuma na sa wa kaina iyaka cewa kan ba zai wuce kilo ɗaya da kwata ba.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne asalin halittar. Long dabbar ruwa ce, mai iko da girgije da kogi da damina, shi ya sa manoman Sin suka daɗe suna danganta shi da roƙon ruwa, kuma tatsuniyoyinsu suka ba kowane teku daga cikin tekuna huɗu sarkinsa na dodanni. Bai da alaƙa da dodon Turawa mai fukafukan jemage da ke furzar da wuta. Saboda haka babu fiffike a zanena, kuma duk shawarar da zan yanke nan gaba zan auna ta ne da tambaya guda: shin za ta bar jikin ya gudana, ko za ta sandarar da shi?

18 ga Nuwamba, 2023

Na je Foshan, garin da ya shahara da ƙera kawunan zakunan rawa, na sami wani dattijo mai wannan sana'a ya yarda in zauna kusa da shi in ga yadda ake yi. Sana'ar tasu matakai huɗu ce a jere: ɗaure ƙwarangwal na gora, manna takarda, zana launi, sa'an nan ƙawata shi da gashi da sauran kayan ado. Kan zaki da kan dodo sun bambanta a siffa, amma hanyar ginin ɗaya ce.

Mafi yawan lokacin ya tafi ne a kan gora. Yana tsaga ta siri-siri, faɗin kowane tsagi bai fi rabin santimita ba, ya kankare cikin da wuƙa ya bar ɓangaren bayan mai santsi, domin a nan ƙarfin yake. Idan zai lanƙwasa tsagi, sai ya riƙa kai shi yana komowa da shi a saman harshen wuta har ya fara fitar da ɗan gumi mai maiƙo, a daidai wannan lokaci ne yake karkatar da shi da babban yatsa, ya riƙe har ya huce. Idan aka yi gaggawa tsagin ya karye, idan aka daɗe ya ƙone ya yi baƙi. Mahaɗun kuma ba da waya yake ɗaure su ba. Takarda ce mai ƙarfi da ake yi da ɓawon itace, a yanka ta zare-zare, a murza, a naɗe mahaɗar da ita, a shafa ɗan kokon fulawa a ƙarshen. Na tambaye shi, "Sifu, me ya hana a yi amfani da waya, tunda ta fi sauri?" Ya ɗauki wani ƙwarangwal da ya gama, ya matse shi tsakanin tafukansa har ya lotsa, ya sake shi ya dawo daidai yadda yake, ya ce, "Yaro, waya tana riƙe wa gora wuya, takarda kuwa tana barin ta ta motsa." Na sayi daurin tsagaggiyar gora da takardar a wurinsa.

3 ga Disamba, 2023

Ƙwarangwal ɗin kai ya tsaya. Na fara da kawanya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a bayan ido, na haɗa su da tsagi shida da suka miƙe har zuwa hanci, daga nan na riƙa cike tsakani da gajerun tsagi. Sikeli ya nuna giram 310, abin da ya ba ni sarari mai kyau.

Wajen fitar da kamanni na bi tsohon bayanin nan da ake dangantawa ga Wang Fu, malamin zamanin daular Han, wanda ya ce dodon ya ɗauko siffa daga halittu tara: ƙahon barewa, kan raƙumi, idon aljani (a wata ruwayar idon zomo), wuyan maciji, cikin wata dabbar ruwa mai ƙwanso, ɓawon kifi, akaifar gaggafa, tafin damisa da kunnen sa. Kan raƙumi ne ya fi yi mini amfani, domin shi ne ya warware mini matsalar tsawon fuska. Raƙumi yana da doguwar fuska mai ɗan kwari a tsakiya, da leɓen sama mai kauri da ke rinjayowa gaba, da ƙashin gira mai tudu, kuma da na lanƙwasa tsagin hanci bisa wannan kwari sai fuskar ta daina kama da ta kada. A saman goshi na gina ɗan tudun nan da tatsuniya ke cewa da shi dodon yake hawa sama ba tare da fiffike ba. Ƙahonni biyu masu rassa uku-uku na yanka su daga soso mai tauri na soka musu gora a ciki, kuma na yi su a matsayin masu cirewa domin su shiga lif ɗin gidanmu.

17 ga Disamba, 2023

Makonnin nan biyu sun tafi a kan abin ɗaurawa. Na samo tsohuwar jakar baya ta masu hawan dutse, na cire buhun na bar ƙarfen alminiyom da maɗaurin ƙugu. A kan ƙarfen na kafa sanduna biyu masu tsawon santimita 60 da 45, waɗanda za su tallafi gaɓa ta huɗu da ta biyar a sama da kaina. Gwajin farko da na yi da buhun shinkafa mai kilo uku ya nuna cewa idan nauyin ya rataya a kafaɗu, hannuwa ba sa iya ɗagawa sosai, kuma hannuwan su ne rawar. Dole nauyin ya sauka a ƙugu kamar yadda goyo ke zama a bayan uwa idan an ɗaure zani da kyau, kafaɗu su kasance a sake. Na ƙara wa maɗaurin ƙugun faɗi da soso, na sassauta na kafaɗa.

Na kuma lanƙwasa kawanya 27 na jiki, uku ga kowace gaɓa. Mafi girma tana da faɗin santimita 28 a ƙirji, suna raguwa a hankali har zuwa santimita 8 a wutsiya.

30 ga Disamba, 2023

An manna takarda a kai, rufi uku: takarda, sa'an nan siririn yadi mai raga, sa'an nan takarda kuma. Kokon fulawar ana dama shi ne da ruwa-ruwa, a shafa wa takardar da buroshi, a ɗora ta ƙanana-ƙanana yadda kowane yanki zai hau gefen ɗan'uwansa. Yayin da take bushewa tana tsukewa ta ɗame, har idan aka ƙwanƙwasa da farce ta yi ƙara. Iskar wannan wata busasshiya ce, don haka kowane rufi kwana ɗaya ya ishe shi.

Muƙamuƙin ƙasa na gina shi daban, na rataye shi da igiyar fata a gefe biyu. Domin buɗe bakin na yi amfani da hannun birkin keke da wayarsa: hannun birkin yana ɗaure a jikin sandar da nake riƙewa a cikin kan, wayar ta bi ta bayan harshe ta kama muƙamuƙin, roba kuma tana mayar da shi. Idan na matse da yatsu biyu bakin ya wangame, idan na sake ya rufe da ɗan ƙara mai daɗin ji. Nauyin kan yanzu giram 840 ne, kafin fenti da geza da idanu.

13 ga Janairu, 2024

Na shiga kasuwar yadi ta Zhongda tare da wani dattijo ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe yana sayen kaya a nan yana aikawa gida, kuma ya san layukan kasuwar fiye da yadda zan taɓa saninsu. Ni na nufi wani satin mai kauri da walƙiya, shi kuwa ya damƙi gefen yadin a tafinsa, ya sake, ya nuna mini yadda ya riƙe karaya. Ya ce, "Ɗana, wannan na labule ne, idan ka rufa wa dabbar taka shi ba za ta juya ba." Na ce, "To, Alhaji, wanne ka gani?" Ya kai ni wani shago ya zaɓo wani yadi mara nauyi mai ɗan miƙewa, wanda idan aka ɗaga shi aka sake yake saukowa a hankali. Mita shida muka yanka.

Launin da na zaɓa shuɗi-kore ne. Dalili na farko shi ne a tsarin Sinawa dodon gabas, wanda ke wakiltar lokacin tohon itatuwa, wannan launi ne da shi, kuma shekarar 2024 a lissafinsu ta itace ce, wadda ita ma launinta ke nan. Dalili na biyu shi ne ina so in guje wa rawaya, domin a wurinsu launin sarauta ne. Haka nan batun farata: a zamanin daulolin Ming da Qing, dodo mai farce biyar na babban sarki ne, manyan fadawa kuwa mai huɗu ake ɗinka musu a riga. Dokar ta mutu tare da sarautar a 1912, kuma yau babu wanda zai tuhume ni, amma ina ganin baƙo da ya zo koyon al'adar mutane bai kamata ya fara da ɗaukar alamar sarkinsu ba. Nawa farce huɗu zai samu a kowace ƙafa.

Game da ɓawo, tatsuniya ta ƙayyade adadinsa 117: 81 na ɓangaren yang (ɓangaren haske da namiji a tunanin Sinawa), wato tara sau tara, da 36 na ɓangaren yin (ɓangaren duhu da mace), wato shida sau shida. Idan aka ce ɓawo 117 ne za su rufe jiki mai mita huɗu, kowanne sai ya kai faɗin faranti, kuma nauyinsu zai kashe lanƙwasar. Shawarar da na yanke ita ce in zana ƙananan ɓawo a kan yadin da fenti, in ɗinka 117 na ainihi a layuka uku bisa gadon baya kawai, 81 masu ruwan zinariya, 36 masu ruwan azurfa. Kowanne ana kama shi ne da ɗinki a samansa kaɗai, ƙasan a sake, domin ya ɗaga idan jikin ya lanƙwashe.

27 ga Janairu, 2024

Wannan ne mako mafi muhimmanci tun da aka fara. Na haɗa kawanyoyin da kirtani uku, ɗaya a baya biyu a gefe, na rufa yadin, na ɗaura komai a jikina na fita filin da ke bayan gidanmu, wani maƙwabcina yana ɗaukar bidiyo da waya. Kan ya yi abin da ake so, wutsiya ma haka. Amma tsakiyar jikin, daga gaɓa ta uku zuwa ta shida, a tsaye take cak a kan sandunan biyu, motsin da ya taso daga kai yana isowa nan ya mutu, sa'an nan wani motsi dabam ya fara daga hannun hagu. A bidiyon ana ganin dabbobi biyu ne da aka ɗaure a jikin mutum ɗaya.

Na koma na daɗe ina duban hoton zanen dodanni tara na Chen Rong, wanda ya yi a 1244, yanzu kuma yake ajiye a gidan adana kayan zane na birnin Boston a Amurka. Takarda ce mai tsawon fiye da mita 10, da baƙin tawada kusan zalla, dodannin suna fitowa suna nutsewa a cikin hazo da igiyar ruwa. Abin da na lura da shi shi ne babu inda jikin dodo ya miƙe sak. Kowace lanƙwasa tana haifar da ta gaba da ita, kuma inda jikin ya ɓuya a cikin girgije ido yana iya bin sa har inda zai sake ɓullowa, saboda ƙarfin juyin bai yanke ba. Masu rawar gargajiya su tara suna samun wannan ne ta hanyar jinkiri, kowane mai sanda yana maimaita abin da na gabansa ya yi bayan ɗan ƙiftawar ido. Ke nan abin da jikin dodona yake buƙata shi ne wani abu da zai karɓi motsi ya jinkirta shi kaɗan kafin ya miƙa shi gaba.

Na cire sandunan alminiyom biyun, na maye gurbinsu da tsinin sandar kamun kifi, wanda yake lanƙwashewa ya dawo. A saman kowanne na sa ɗan zobe mai juyawa, irin wanda masunta ke sawa don kada zare ya murɗe, domin kawanyar ta iya karkata kowane gefe. Kirtanin baya na bar shi a ɗame, na gefe biyun kuma na sassauta su da santimita biyu tsakanin kowace kawanya, na ɗinka ƴan ƙananan dalma a cikin gaɓa ta shida da ta bakwai don su riƙa lilo. Da na sake gwadawa, na ɗaga kan sama na sauke shi, sai na ga tudun ya taso daga wuya, ya ratsa ta saman kaina, ya gangara har ƙarshen wutsiya ba tare da na motsa hannun hagu ba. Daga nan ne na gane cewa hannun hagu ba jagora ba ne, aikinsa ya jira igiyar ta iso ya raka ta. Gwiwoyi ma suna da nasu aikin, domin idan na durƙusa kaɗan na miƙe, sandunan biyu suna ba tsakiyar jikin nata bugun.

Nauyin komai yanzu kilo uku da giram 600 ne. Ina iya rawa da shi minti huɗu kafin tsintsiyar hannun dama ta fara zafi, wasan kuma minti shida ne, don haka zan ƙara maɗauri daga sandar kai zuwa gwiwar hannu domin dantse ya karɓi wani kaso.

8 ga Fabrairu, 2024

Gari ya cika da kasuwannin furanni na jajibirin sabuwar shekara, shagunan kayan aiki kuma sun rufe, masu su sun tafi garuruwansu, saboda haka da abin da ke hannuna zan ƙarasa. Iska ta sauya ta yi laima, fenti yana ɗaukar ninkin lokacin da yake ɗauka a Disamba kafin ya bushe, kuma na rataye kan a ɗaki kusa da fanka don kada takardar ta saki.

An gama fentin kai. Na shimfiɗa fari a ƙasa, na hau da shuɗi-kore, na ja layukan girgije da harshen wuta a kumatu da gira da baƙi da ja da ruwan zinariya, cikin baki kuma ja wur. Geza da gemu na farin zaren roba ne da na tsefe. Dogayen gashin baki biyu na yi su da siririyar waya mai tsalle da aka naɗe da zare, tsawon kowanne santimita 55, kuma ko numfashi na yi sai sun kaɗa, abin da ya sa fuskar ba ta taɓa zama shiru. Kan ya tsaya a kilo ɗaya da giram 190.

Idanun rabin ƙwallon roba ne masu ƙaramar fitilar batir a ciki, kuma har yanzu farare ne babu ƙwaya. Labarin da ake bayarwa shi ne mai zane Zhang Sengyou, a ƙarni na 6, ya zana dodanni huɗu a bangon wani ɗakin ibada a birnin da yanzu ake kira Nanjing, ya ƙi sa musu ƙwayar ido, ya ce idan ya sa za su tashi. Da aka matsa masa ya ɗiga wa biyu, sai aka yi tsawa, bangon ya tsage, biyun suka haye sama, sauran biyun suka rage a bango. Har yau ba a fitar da sabon dodo ko zaki rawa sai an yi bikin ɗiga masa ido, inda wani mai daraja yake taɓa idon da jan launi. A wasu wuraren ana haɗa wannan da turare da bukukuwan bauta, wanda ni a matsayina na Musulmi ba zan shiga ba, kuma na faɗa wa masu shirya bikin haka, suka karɓa ba tare da wata damuwa ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne dattijon Foshan, wanda a hannunsa na koyi ɗaurin gorar, shi zai zana ƙwayar idon da buroshinsa a matsayin aikin ƙarshe na mai sana'a, idan ya dawo daga hutu ranar 18 ga wata.

12 ga Fabrairu, 2024

Maɗaurin gwiwar hannu ya yi aiki, na kai minti shida da rabi ba tare da na sauke kan ba. Ƙafafu biyu na gaba sun hau, an rataye su da igiya a gaɓa ta biyu yadda za su riƙa lilo da kansu, na baya biyun kuma an yanka su amma ba a cusa musu auduga ba tukuna.

Sauran aikin da ke gabana shi ne lu'ulu'un da dodon ke bi. A rawar gargajiya mai riƙe da wannan ƙwallo a kan sanda shi ne ke gaba, kuma duk inda ya kai shi nan kan dodon yake nufa, don haka ba tare da shi ba mai kallo ba zai san abin da dodon yake nema ba. Ƴar maƙwabcina mai shekara goma sha ɗaya ta karɓi wannan aiki da izinin iyayenta. Na ɗaure ƙwarangwal ɗin ƙwallon da ragowar gora, faɗinsa santimita 20, saura rufi da jan yadi da kuma sanya shi a kan ƙusa don ya riƙa juyawa. Za mu fara atisaye tare da mai ganga ranar Laraba da yamma, kuma abin da nake so mu daidaita a zaman farko shi ne tazarar da za ta bari tsakaninta da bakin dodon, domin gashin bakin yana kaiwa nesa fiye da yadda take zato idan na juyo da sauri.